Henry Darcy (1803–1858): Injiniyan da Ya Auna Tafiyar Ruwa a Cikin Yashi

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa, mahaƙan rijiya na ƙasar Sakkwato suna da ma'auninsu na zurfi, wato gaba. Gaba ita ce tsawon da ke tsakanin yatsun hannun dama da na hagu idan mutum ya ware hannuwansa, kuma da ita ake auna igiyar guga, a ce wannan rijiya gaba goma ce, waccan kuwa gaba ashirin. Daga nan ne aka sami kirarin rijiya gaba dubu, wanda ake yi wa malamin da ba a iya kaiwa ƙarshen iliminsa. Sai dai gaba zurfi kawai take faɗa. Yawan ruwan da ƙasa za ta iya bayarwa a yini, da saurin da ruwan yake yi yana ratsa yashi kafin ya tsattsafo cikin rijiya, suna buƙatar wani lissafi na dabam. Mutumin da ya fara kafa wannan lissafi a kan gwaji shi ne Henry Darcy, wani injiniya Bafaranshe. Da ƙa'idarsa ake aiki duk lokacin da za a ƙiyasta ruwan rijiyar burtsatse a Sakkwato ko a wani wuri, kuma da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin ma'aunan wannan fanni.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Henry Philibert Gaspard Darcy a birnin Dijon da ke gabashin ƙasar Faransa ranar 10 ga watan Yuni, 1803, wato watanni kaɗan kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikacin haraji ne, kuma ya rasu a shekarar 1817, Darcy yana ɗan shekara 14. Mahaifiyarsa, Agathe, ita ta ɗauki nauyinsa da na ƙanensa Hugues. Ba ta da wani abin hannu na a zo a gani, amma ta yi tsayin daka, har da cin bashi, don kada karatun 'ya'yanta ya tsaya.

A shekarar 1821 ya shiga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta birnin Paris, wadda ake kira École Polytechnique. Bayan shekara biyu sai ya wuce makarantar horar da injiniyoyin gadoji da hanyoyi, ya kammala a 1826. An fara tura shi aiki lardin Jura, ba a jima ba aka maido shi garinsu. A 1828 ya auri Henriette Carey, wadda asalin iyayenta mutanen tsibirin Guernsey ne. Allah bai ba su haihuwa ba.

Akwai wani abu game da zamanin da ya taso wanda ya kamata a lura da shi. Faransawa ma da can da gaɓoɓin jiki suke awo, kamar yadda Bahaushe yake da taƙi da kamu da gaba. Suna da inci da ƙafa, suna kuma da wani ma'auni mai kama da gaba wanda bai cika mita 2 ba. Matsalar ita ce awon wannan lardi yakan saɓa wa na wancan, kamar yadda mudun wata kasuwa yake saɓa wa na wata. A shekarun 1790 ne masanan ƙasar suka ƙirƙiro mita da lita da kilo, amma jama'a suka yi ta jan ƙafa wajen karɓarsu. Sai a 1837 aka kafa dokar da ta wajabta amfani da su daga ranar 1 ga Janairu, 1840. Ke nan Darcy ya yi karatu da sabon awo, ya fito aiki cikin mutanen da ba su bar tsohon ba. Masu aikin famfo na lokacin har wani ma'auni gare su da suke kira incin ruwa, wato ruwan da ke fita ta ƙofa mai faɗin inci ɗaya, wanda ya kai kimanin lita 13 a minti.

3.0 Ruwan Birnin Dijon

Lokacin da Darcy ya dawo gida, Dijon tana cikin biranen da suka fi ƙarancin ruwa mai kyau a Turai. Mutanenta, waɗanda ba su kai 30,000 ba, sun dogara ne ga rijiyoyin cikin gida da ruwan sama da ake tarawa daga rufin ɗaki. Rijiyoyin ba su da zurfi, ga su kusa da masai, don haka ƙazanta tana ratsa ƙasa ta shiga cikinsu. Rafin Suzon da ya ratsa garin kuwa ya zama juji, da bazara wari ya hana kowa sakat. An shafe ɗaruruwan shekaru ana kawo shawarwari, ba wadda ta kai ga aiki. Wajen 1830 wasu mutanen gari suka haɗa kuɗi aka haƙa wata rijiya mai zurfin kusan mita 150 a dandalin Saint-Michel, da fatan ruwa zai yi tsiri da kansa. Ruwan bai kai bakin rijiya ba, abin da ake samu da famfo kuma bai isa gari ba. A 1832 annobar kwalara ta faɗa wa Faransa, hankalin hukumomi ya ƙara tashi.

Abin da ya bambanta Darcy da waɗanda suka gabace shi shi ne haƙurin awo. Ya bi duk wata kafa da ake zaton za ta iya shayar da garin, koguna da rijiyoyi da idanun ruwa, yana auna yawan abin da kowace take bayarwa da damina da rani, da sanyin ruwanta, da tsayin wurin da take idan aka gwada da tsayin gari. A 1834 ya miƙa wa magajin gari rahotonsa, inda ya zaɓi wani marmaro mai suna Rosoir da ke cikin kwarin Suzon. Dalilansa a fili suke: ruwan garau ne, mai sanyi, ba ya ƙafewa da rani, sannan marmaron yana sama da gari, saboda haka ruwan zai gangaro da kansa ba tare da inji ba.

Kafin a sa fatanya a ƙasa sai da aka warware rigimar haƙƙin ruwa da ƙauyukan da ke kan hanya, aka ware musu nasu kason. An fara aiki a watan Maris na 1839. An gina rufaffiyar magudana ta dutse mai tsawon kilomita 12.7, kuma ranar 6 ga Satumba, 1840, ruwan Rosoir ya zubo cikin babbar matattara da aka gina ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Guillaume. Magudanar tana kawo kimanin lita 8,000 a minti ɗaya, wato duro 40 na mai cin lita 200. Daga matattarar aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 28 cikin unguwanni, aka kafa famfunan kan titi kusan 140, tsakanin kowane biyu mita 100, ta yadda ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 50 kafin ya sami ruwa. Darcy ya dage a kan cewa ruwan waɗannan famfuna kyauta ne, domin talaka shi ya fi shan wahalar gurɓataccen ruwa. An kammala aikin a 1844, shekaru kusan 20 kafin birnin Paris kansa ya sami irin wannan tsari.

Bisa ƙa'idar aiki, ladan da ya cancanta a kan wannan kwangila ya kai faran 55,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Ya ƙi karɓa. Abin da ya amince da shi shi ne lambar zinariya da majalisar gari ta ba shi, da ruwan famfo kyauta a gidansa muddin ransa. Mutumin da mahaifiyarsa ta ci bashi don ya yi karatu ne ya yi wannan, kuma wannan kaɗai ya isa shaida a kan halinsa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya sa baki a maganar layin dogo tsakanin Paris da Lyon, wanda aka so a kewaye Dijon da shi saboda duwatsu. Ya tsara a fasa dutsen Blaisy a yi hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 4, aka karɓi shawararsa, jirgi ya biyo ta garinsu.

4.0 Kora da Zaman Paris

A 1848 aka yi juyin juya hali a Faransa, aka tumɓuke sarki. Sabuwar gwamnati ta ɗauki Darcy a matsayin ɗan tsohuwar gwamnati, ta cire shi daga muƙaminsa na Dijon duk da ƙorafin majalisar gari da na abokan aikinsa. An tura shi garin Bourges, daga can kuma, da ƙura ta lafa, aka kira shi Paris aka ba shi shugabancin sashen ruwa da tituna. Ya je Landan nazarin yadda ake shimfiɗa titi da tsakuwa, ya kuma ba birnin Brussels shawara kan ruwan sha.

Korar ta zame masa gobarar Titi, domin a Paris ya sami kayan aiki da sararin yin gwaje-gwaje a kan gudun ruwa cikin bututu. Ya gwada bututai iri-iri, na ƙarfe da na dalma da na gilashi, sababbi da tsofaffi, ƙanana da manya, ya nuna cewa kaushin cikin bututu yana rage ƙarfin ruwa, abin da lissafin magabatansa bai kula da shi yadda ya kamata ba. An buga sakamakon a 1857, kuma injiniyoyin famfo suna aiki da lissafin da ya samo asali daga nan. Amma lafiyarsa ta yi ta raguwa, har a 1855 ya nemi a sauke masa nauyin ofis, ya koma Dijon.

5.0 Gwajin Yashi

Aikin da ya dawwamar da sunansa ya yi shi ne yana maras lafiya, a farfajiyar asibitin Dijon, a ƙarshen watan Oktoba da farkon Nuwamba na 1855, sannan a watan Fabrairu na 1856, tare da taimakon wani injiniya mai suna Charles Ritter. Abin da ya sa a gaba shi ne tace ruwa. Birane da yawa suna shan ruwan kogi ne bayan an bi da shi ta cikin yashi, amma ba wanda ya san girman matacin da zai ishi gari mai mutane kaza, sai dai kirdado.

Kayan gwajin ba su da wani tsada. Ya tsayar da wani bututun ƙarfe mai faɗin santimita 35, ya zuba masa yashin kogin Saône, ya jona samansa da famfon asibiti, ya sa wani famfo a ƙasa inda ruwan da ya ratso yashi yake zuba cikin kwandon awo. A sama da ƙasan yashin ya liƙa lanƙwasassun bututan gilashi masu zaiba a ciki, domin su nuna ƙarfin matsin ruwa a kowane gefe. Sai ya riƙa sauya kaurin yashin da ƙarfin ruwan, yana rubuta lita nawa ke fita a minti. Wani abin ban dariya shi ne, da yake bututun asibiti ne, duk lokacin da ma'aikata suka buɗe famfo ko suka rufe a wani ɗaki sai zaibar ta yi ta rawa, dole ya ɗauki matsakaicin abin da ta nuna.

Abin da ya gano ana iya faɗarsa da Hausa tsantsa. Yawan ruwan da ke ratsa yashi yana ƙaruwa daidai da faɗin wurin da yake bi, yana ƙaruwa daidai da bambancin tsayin ruwa tsakanin mashiga da mafita, yana kuma raguwa daidai da tsawon yashin da zai keta. Idan aka ninka bambancin tsayi, ruwa ya ninku. Idan aka ninka tsawon yashi, ruwa ya ragu da rabi. Saura abu guda, wato halin ƙasar kanta, domin tsakuwa tana sakin ruwa fiye da rairayi, rairayi kuma fiye da yumɓu. Wannan hali shi ake nunawa da wata lamba da za a iya kira ƙimar ratsawa, ana rubuta ta da harafin K. A taƙaice ana rubuta ƙa'idar haka: Q = K × A × h ÷ L, inda Q yake nufin yawan ruwa, A faɗin wuri, h bambancin tsayi, L kuma tsawon tafiya.

Ya sa wannan bayani ne a wani rataye can ƙarshen babban littafinsa na 1856 mai suna Les Fontaines publiques de la ville de Dijon, wanda ya ƙunshi shafuka fiye da 600 a kan aikin ruwan garinsu. 'Yan shafukan ratayen sun fi sauran littafin tasiri nesa ba kusa ba. Darcy da kansa ya fahimci cewa ƙa'idar ta shafi ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma a 1863 abokin aikinsa Jules Dupuit ya yi amfani da ita wajen lissafin ruwan da ke kwararowa cikin rijiya.

Bai daɗe ba bayan fitar littafin. Ciwon haƙarƙari ya kama shi a Paris, ya rasu a farkon Janairu na 1858 yana da shekara 54, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. An kai gawarsa Dijon, kuma aka sa wa dandalin da matattarar ruwan take sunansa. Almajirinsa Henri Bazin ya ƙarasa gwaje-gwajen da suka fara tare a kan gudun ruwa a buɗaɗɗiyar magudana, ya buga su a 1865.

6.0 Ma'aunan da Suka Biyo Bayansa da Ƙasar Sakkwato

Darcy da mita da lita ya yi aikinsa, amma da ƙa'idarsa ta bazu sai kowace ƙasa ta sa mata nata awo. Masu haƙar man fetur a Amurka, a shekarun 1930, suka ƙirƙiro ma'aunin da suka kira darsi don girmama shi. Darsi yana auna halin dutse ko yashi ne shi kaɗai, ko mai ne zai ratsa shi ko ruwa. Idan ruwa ne mai zafin digiri 20, darsi 1 ya yi daidai da kimanin mita 0.83 a yini. Idan zafin ruwan ya kai digiri 30, kamar yadda ake samu a ƙasashe masu zafi, ruwan yakan ƙara tsinkewa, sai adadin ya ɗan haura mita 1 a yini. Masu binciken ruwa na Amurka kuma suka daɗe suna amfani da galan a yini a kan kowace murabba'in ƙafa, wanda ɗayansa bai wuce mita 0.041 a yini ba.

Wannan ya shafi Sakkwato kai tsaye. Birnin yana zaune ne a kan shimfiɗu na yashi da yumɓu da farar ƙasa waɗanda suka kwanta bisa juna, suka karkata zuwa arewa maso yamma har cikin Jamhuriyar Nijar. Masana sun ba shimfiɗun sunayen garuruwan da aka fi ganinsu a fili: Gundumi da Illo da Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina da Gwandu. Farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar siminti take haƙa, tana riƙe da ruwan da ke shayar da rijiyoyi da idanun ruwa da yawa. Yashin Gwandu kuwa a wasu wurare yumɓu ya danne shi, ta yadda idan aka huda shi a cikin fadama sai ruwa ya yi tsiri da kansa, irin abin da mutanen Dijon suka nema a dandalin Saint-Michel ba su samu ba. A shekarun 1960 hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya da takwararta ta Amurka suka yi aikin haɗin gwiwa a wannan yanki, kuma Anderson da Ogilbee suka buga rahotonsa a 1973. Da ƙafa da galan aka rubuta bayanan rijiyoyin wancan zamani. A cikin shekarun 1970 Nijeriya ta koma awon mita, don haka duk mai son ya gwada tsohon bayani da sabo, ya ga ko ruwan wata rijiya ya ja baya, sai ya juya awo.

Juya tsawo ba shi da wuya. Ƙafa 1 mita 0.3048 ce, saboda haka rijiya mai ƙafa 300 mita 91 ce da ɗoriya. Gaba kuwa ta dogara ga mai awo, amma ta matsakaicin mutum takan kai mita 1.8, ke nan rijiya gaba 20 ta kai mita 36. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne galan, domin iri biyu ne: na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785. A ɗauka an rubuta cewa wata rijiyar burtsatse tana ba da galan 5,000 a awa. Idan galan ɗin Ingila ake nufi, lita 22,730 ke nan. Idan na Amurka ne, lita 18,925. Bambancin ya kai lita 3,805 a kowace awa, wato jarka 152 ta mai cin lita 25 irin wadda 'yan garuwa ke turawa a kura. Wanda ya sayi injin famfo ko ya gina tanki bisa galan ɗin da ba shi ba, ko dai injin ya fi ƙarfin rijiya ya riƙa zuƙar iska, ko kuma unguwa ta sami ƙasa da abin da aka yi mata alkawari. Haka nan a kula da lokaci: lita 1 a daƙiƙa ita ce lita 86,400 a yini, ko kubik mita 86.4, tunda kubik mita 1 lita 1,000 ce.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai ƙa'idar Darcy da misali daga fadamar Rima. A ɗauka akwai shimfiɗar yashi mai kaurin mita 20 da faɗin mita 1,000, ƙimar ratsawarta mita 10 a yini, kuma saman ruwan yana gangarawa da mita 1 a kowace mita 1,000. Faɗin wurin da ruwa ke bi murabba'in mita 20,000 ne. Idan aka ninka shi da 10, aka raba da 1,000, za a sami kubik mita 200 a yini, wato duro 1,000. Da a ce lambar 10 ɗin nan daga tsohon rahoto aka kwafo ta, inda take nufin ƙafa 10 a yini, to amsar gaskiya kubik mita 61 ce kawai, duro 305. Shi ya sa ake horon ɗalibi tun daga firamare da ya rubuta sunan ma'auni kusa da kowace lamba, a allo da cikin littafi.

Gwajin kansa ana iya maimaita shi a aji da gorar roba da aka yanke gindinta, aka ɗaure bakinta da ƙyalle, aka kifa ta. A zuba yashin gulbi a ɗaya, jar ƙasa a ta biyu, laka a ta uku, a riƙa ƙara ruwa don tsayinsa ya tsaya wuri guda, ɗalibi ɗaya yana riƙe da agogo, wani yana auna abin da ya ɗiga cikin kofi a minti biyar. Daga nan a ninka kaurin yashin a sake aunawa.